'Yan Wasa Takwas da Gawa Ɗaya: Tambayoyi da Amsoshi Kan Wasan Kirsimeti na Ƙungiyoyin Sa Kai

Da zarar watan Nuwamba ya raba, a garuruwa da dama na Amurka da Birtaniya za ka fara ganin takardun talla manne a ƙofar shaguna da ɗakunan karatu, suna sanar da cewa ƙungiyar wasan kwaikwayo ta gari za ta hau dandamali. Cikin abin da suka fi nunawa a wannan lokaci akwai wani nau'in wasa da ya haɗa abu uku: bikin Kirsimeti, barkwanci, da binciken wanda ya yi kisan kai. Ni abin da ya fi jan hankalina a harkar shi ne mutanen da ke taka rawar, don haka tambayoyin nan a kansu suke.

Su wane ne waɗannan 'yan wasan?

Mutanen gari ne da kowa yake da sana'arsa. Malamar firamare, ma'aikacin gidan waya, likitan haƙori, ɗalibar kwaleji, dattijon da ya yi ritaya. Ba a biyansu ko sisi. Da rana suna wurin neman abinci, da yamma su haɗu a wani zaure su yi gwaji, sau uku ko huɗu a mako, har tsawon mako shida zuwa takwas kafin ranar buɗe labule.

Al'ada ce mai tsohon tarihi. A birnin Boston akwai ƙungiyar Footlight Club da ke wasa tun 1877 ba ta daina ba. A Birtaniya an kafa ƙungiyar NODA a 1899 don haɗa kan irin waɗannan ƙungiyoyi na masu wasa don sha'awa, a Amurka kuma akwai takwararta AACT da aka kafa a 1986. Saboda haka kada mutum ya ji an ce 'yan sa kai ya ɗauka wasan yara ne. Akwai wanda ya shekara talatin yana hawa dandamalin garinsu, ya fi wasu ƙwararru sanin inda ake ajiye murya.

Me ya haɗa kisan kai da dariya, har a lokacin biki?

Lokacin da kansa ne ya kawo hakan. Kirsimeti a can tsakiyar hunturu yake faɗowa, dangi da abokai su taru a gida ɗaya, dusar ƙanƙara ta toshe hanya, babu mai shiga babu mai fita. Marubucin labarin bincike ba abin da yake nema da ya wuce wannan: mutane kaɗan a rufe wuri guda, kowa da abin da yake ɓoyewa, sai a wayi gari da gawa. Tunda ba baƙon da ya shigo, mai laifin yana cikinsu.

Shahararren wasan marubuciyar labaran bincike 'yar Birtaniya Agatha Christie, The Mousetrap, wanda aka fara nunawa a Landan a 1952 kuma har yau ake yinsa, a kan wannan tsari aka gina shi: masauki ne da ƙanƙara ta datse. Abin da wasannin Kirsimeti suka ƙara shi ne dariya. Iyali ne ke zuwa kallo, da kaka da jika, ba wanda ya sayi tikiti don ya koma gida da tashin hankali. Ba a nuna jini, ba a nuna azaba. Gawar dalili ce kawai na sa rayayyu su ruɗe.

Akwai kuma lissafin aljihu. Irin wannan wasa ɗaki ɗaya yake buƙata daga farko har ƙarshe, ƙungiyar da ba ta da kuɗi kuwa ba ta iya gina wurare biyar.

A ba mu misali. Wane wasa, kuma su wa ke cikinsa?

Wanda ƙungiyoyin Amurka ke yawan ɗauka shi ne The Game's Afoot na Ken Ludwig. Sunan magana ce ta Sherlock Holmes, shahararren mai binciken nan na ƙagaggun labarai, ma'anarta kamar a ce farauta ta tashi. An fara nuna shi a gidan wasan kwaikwayo na Cleveland Play House a jihar Ohio a 2011, a 2012 kuma ya ci kyautar Edgar, wadda marubutan labaran bincike na Amurka ke bayarwa.

Labarin ya faru ne a Disamban 1936. Ɗan wasa William Gillette, wanda duniya ta sani da fitowa a matsayin Holmes, an harbe shi a hannu yana kan dandamali. Yana jinya sai ya gayyaci abokan wasansa gidansa da ke jihar Connecticut su yi biki tare. Cikin dare aka daɓa wa ɗaya daga cikin baƙin wuƙa, shi kuma maigidan ya ga ai lokaci ya yi da zai zama Holmes da gaske.

Mutum takwas ne a wasan. Akwai Gillette da mahaifiyarsa Martha. Akwai Felix da Madge, ma'auratan da suka daɗe tare, kullum cikin jifan juna da magana. Akwai Simon da Aggie, matasa. Akwai Daria, 'yar jarida mai sharhi kan wasanni, wadda alƙalaminta ya taɓa kusan kowa a ɗakin. Sai Sufeto Goring, 'yar sandan da ta zo bincike alhali zuciyarta na ga wasan kwaikwayo.

Ka lura da rabon: mata biyar, maza uku. A wasan Christie akasin haka ne, maza biyar mata uku. Wannan ba ƙaramin abu ba ne ga ƙungiyar gari, domin ranar tantancewa galibi mata sun fi maza fitowa, kuma tsofaffin wasanni da yawa ba su tanadar musu gurabe masu nauyi ba. Wasan da zai bai wa dattijuwa rawar da za ta sa zaure ya kece da dariya, ya bai wa mace rawar sufeto, dole darakta ya so shi.

Shi Gillette ɗin mutum ne na gaske?

Ƙwarai. An haife shi a 1853, ya rasu a 1937. Shi ya rubuta wasan Holmes da aka fara nunawa a 1899, ya kuma taka rawar fiye da sau 1,300. Gidan nasa ma yana nan, wani katafaren gini na dutse a gefen kogin Connecticut, wanda yanzu jiha ce ke kula da shi, mutane na zuwa yawon buɗe ido. Yana da ƙofofi 47, kowace da irin sakatarta ta katako, da madubai da aka saita yadda maigida zai hangi baƙinsa ba tare da sun sani ba.

Sauran labarin ƙirƙira ce. A 1936 Gillette na gaske yana da shekara 83, don haka batun mahaifiya mai kai-komo a falo ma kaɗai ya isa ya nuna maka marubucin aron suna da gida ya yi. Wanda aka bai wa rawar ba a neman ya kwaikwayi tsoho.

Yaya ake zaɓen wanda zai hau kowace rawa?

A watan Satumba ko Oktoba ake sanar da ranar tantancewa, kuma ƙofa a buɗe take ga kowa. A miƙa maka shafi biyu da ba ka taɓa gani ba, a haɗa ka da wani, a ce ku karanta. Waɗanda suka burge darakta a sake kiransu, a riƙa jujjuya su biyu-biyu.

Jujjuyawar nan ita ce zuciyar aikin. Darakta ba gwanaye takwas yake nema ba, mutum takwas yake nema da za su dace da juna. Felix da Madge, alal misali, dole mai kallo ya yarda cewa sun shekara ashirin suna cin tuwo a kwano ɗaya, ya ji cewa baƙar maganar da ke tsakaninsu ta sabo ce, ba ta ƙiyayya ba. Idan aka haɗa gwanaye biyu da jininsu bai haɗu ba, duk barkwancin sai ya koma faɗa.

Sannan akwai tambayar da ake yi wa kowa a takardar cikewa: waɗanne ranaku ne ba za ka samu zuwa ba? A Disamba wannan tambaya tana kayar da mutane da yawa. Ƙananan ƙungiyoyi ba kasafai suke da ɗan wasan ko-ta-kwana ba. In mura ta kwantar da mutum ɗaya cikin takwas, wani lokaci darakta ne da kansa zai hau da takarda a hannu. Shi ya sa a ganina darakta yana da gaskiya idan ya fifita mai cika alkawari a kan mai baiwar da ba a san ranar ganinsa ba.

Wace rawa ce ta fi wuya?

Mutane za su ce ta Gillette, saboda yawan maganar da zai haddace. Ni kuwa na fi jinjina wa wanda ya fito a gawa.

Dubi abin da ake nema a wurinsa. Minti kaɗan da suka wuce yana tsaye yana zuba magana da ƙarfi, zuciya na bugawa, gumi na tsattsafowa saboda zafin fitilu. Yanzu an ce ya mutu. Ƙotar wuƙa na ɗaure a bayansa a kan wani faranti da aka ɓoye cikin riga. Dole ya saki jikinsa gaba ɗaya, ya riƙa numfashi a hankali yadda na layin gaba ba zai ga ƙirjinsa na motsi ba. Sai maza biyu su ɗauke shi a ruɗe, su jingina shi bayan kujera, su ji tafiyar sufeto, su ja shi zuwa maɓoyar da ke jikin bango, ƙafa ɗaya ta ƙi shiga. Zaure ya ɗauki dariya, shi ko murmushi ba shi da izinin yi. In ƙura ta shiga hancinsa, sai dai ya danne atishawar.

Kuma duk wannan jan da ɗaukar an tsara shi taki-taki, kamar rawa. Wa zai riƙe kafaɗa, wa zai tare kai kada ya bugu da ƙasa, a ƙirga nawa za a sauke. Ana maimaita shi kafin kowane wasa, domin in an yi kuskure ƙashin mutum ne zai karye. Wanda ya yarda ya rufe ido ya saki jikinsa a hannun maƙwabcinsa, amana ce babba ya ba shi.

Wuya ta biyu ta kowa ce: jiran dariya. A lokacin gwaji zauren babu kowa, ka faɗi maganarka a amsa maka nan take. Ranar wasa kuwa sai mutum ɗari su fashe da dariya. In ka yi saurin ci gaba, dariyar ta haɗiye maganarka, kuma a wasan bincike mai yiwuwa maganar nan ita ce alamar da za ta tona asirin mai laifi. In ka jira da yawa, wasan ya yi sanyi. Ana shiga ne daidai lokacin da dariyar ta fara sauka ba ta kai ga mutuwa ba, kuma kowane dare da nasa awon.

Wuya ta uku, wanda ya san shi ne makashin ba ya da damar nuna ya sani, waɗanda ba su yi ba kuma dole kowannensu ya bar ɗan abin zargi a jikinsa. Shi ya sa babu ƙaramar rawa a cikin takwas ɗin nan. Mutum ɗaya ya yi sakaci, masu kallo su cire shi daga lissafi, wasan ya rage daɗi.

Tunda 'yan kallo sun san su a gari, hakan ba ya ɓata wasan?

Yana ƙara masa armashi ne. Rabin dariyar da ake yi ta ganin malamar da kowa ya sani da kamun kai tana ihu tana jan gawa ce. Amma akwai nauyi: sirrin ƙarshen labari. A The Mousetrap har yau ana roƙon 'yan kallo a ƙarshen wasa da kada su faɗa wa kowa wanda ya yi kisan. Ɗan wasan gari kuwa da matarsa da 'ya'yansa da abokan aikinsa yake fama, wata biyu suna lallashinsa ya faɗa musu.

In ba a biyansu, ina kuɗin tikiti ke tafiya?

Kaso na farko na marubuci ne. Ba a nuna wasan da ke da haƙƙin mallaka sai an sayi izini daga kamfanin da ke wakiltarsa, irin su Concord Theatricals, kuma kowane dare da kuɗinsa. Sauran ya tafi a hayar zaure, katako, fenti, wuta da sutura. Ƙungiyoyi da yawa da ribar wasan Disamba suke ɗaukar nauyin wasannin da ba sa cika zaure a sauran shekara.

Mu muna da makamancin wannan?

Ta wani ɓangaren, e. Kafin masana'antar fim ta kafu a Kano, ƙungiyoyin wasan kwaikwayo na masu sha'awa ne ke riƙe da harkar, kuma ɗaya daga cikinsu, Tumbin Giwa, ita ta fitar da fim ɗin Turmin Danya a 1990. Tashe kuma da ake yi cikin azumi ya nuna mun san barkwancin da ke da lokacinsa a shekara. Abin da ya bambanta shi ne nasu rubutacce ne kalma-kalma, kuma yarjejeniyar izinin ta hana a canja maganar marubuci.

Bayan daren ƙarshe fa?

Ba a tafiya gida. Da 'yan kallo sun watse, ko kuma washegari da safe, 'yan wasan za su tuɓe kayan 1936 su sa na aiki. Gillette ya ɗauki na'urar kwance kusoshi, sufeto ta hau tsani, gawa ta kama tsintsiya. Falon da aka yi makonni ana ginawa a kwance shi cikin 'yan sa'o'i, a jera katakon a ma'ajiya don wasa na gaba, a naɗe bishiyar Kirsimeti, a ware kujeru da fitilun da aka aro a rubuta sunan mai kowanne don a mayar masa kafin ranar biki.