Yadda al'umma ke samun ƙarfin kawo sauyi da kanta

Me ake nufi da gina ƙarfin al'umma?

Ana nufin taimaka wa mutanen da ke zaune wuri ɗaya su gano matsalarsu, su yanke shawara tare, su haɗa abin da ke hannunsu, sannan su tunkari hukuma da murya ɗaya. A ganina, ana gane nasarar aikin ne bayan masu tallafi sun naɗe tabarmarsu: shin har yanzu ana zaman taro, ana rubuta abin da aka tsayar, ana karanta wa jama'a lissafin kuɗi?

Ashe ba rashin kuɗi ne babbar matsalar ba?

Kuɗi na da muhimmanci, amma sau da yawa tsari ne ya fi ƙaranci. A shekarar 1980, Akhtar Hameed Khan, wani masanin raya al'umma, ya fara aiki a Orangi, wata babbar unguwar talakawa a birnin Karachi na Pakistan, inda ruwan ƙazanta ke kwarara a ƙofar gidaje. Bai raba wa kowa kuɗi ba. Abin da ya lura da shi shi ne, unguwar ta yi girman da ba za ta taru a zama ɗaya ba, amma mutanen layi guda sun san juna, sun kuma san wanda za su amince wa. Sai kowane layi ya zaɓi wakilinsa, ya tattara gudummawa daga gida-gida, ma'aikatan shirin kuma suka auna ƙasa, suka zana taswira, suka ba da aron kayan aiki. Da mutanen wani layi suka ga ƙofar maƙwabtansu ta bushe, su da kansu suka nemi a koya musu. Manyan magudanan ruwa kuwa an bar wa gwamnati, domin haƙƙinta ne.

Shin irin wannan yunƙuri kan taso ne farat ɗaya?

Da wuya. Lokacin da aka kama Rosa Parks, wata baƙar fata, a Montgomery ta Amurka ranar 1 ga Disamba, 1955, saboda ta ƙi tashi ta bar wa wani farar fata kujerarta a motar bas, ta riga ta shafe shekaru tana sakatariyar reshen NAACP, ƙungiyar kare haƙƙin baƙar fata, a birnin, ta kuma halarci horo a Highlander, wata makarantar horar da masu fafutuka, 'yan watanni kafin nan. Ƙauracewa motocin bas da baƙar fatan birnin suka yi bayan kamun nata ta ɗore kwana 381 saboda an tsara motocin da za su riƙa kai mutane wurin aiki.

Me ke kashe ƙungiyoyi bayan an faro da zafi?

Galibi komai ne ke taruwa a hannun mutum ɗaya, ko kuɗi ya shiga babu rubutu, zargi ya biyo baya. Elinor Ostrom, wadda ta karɓi lambar Nobel ta tattalin arziki a 2009, ta nazarci al'ummomin da suka daɗe suna kula da dazuzzuka, wuraren kamun kifi da ruwan noman rani. Ta tarar cewa masu amfani da dukiyar ne ke tsara dokokinta, akwai masu sa ido, hukunci yana farawa da sauƙi ya ƙaru idan an maimaita laifi, kuma akwai hanyar sasanta rikici mai sauƙi.

To, mene ne aikin wanda ya zo daga waje?

Ya fara da saurare, domin da ɗan gari akan ci gari. Ya koyar da abin da aka rasa, kamar riƙe littafin kuɗi ko rubuta takardar koke, ya tabbatar an bai wa mata da matasa damar magana, sannan tun ranar farko ya horar da waɗanda za su karɓi aikin daga hannunsa.