Farfaɗo da Tankar Yaƙi

Farfaɗo da tankar yaƙi shi ne aikin gyara tankar da wuta ko tsatsa ko dogon zama suka kassara, har ta tashi ta yi tafiya da ƙarfin injinta. Sojoji na yi don a mayar da ita fagen fama, gidajen tarihi kuma don a gan ta tana motsi.

Tarihi

Tankar da aka fi kafa misali da ita ita ce Tiger 131 ta Jamus. Sojojin Birtaniya suka kama ta a Tunisiya cikin Afrilun 1943, bayan harsashi ya maƙale a gindin kanta mai juyawa, igwar ta kasa waiwaye, ma'aikatanta suka tsere. Akwai saɓani kan ainihin ranar. An kai ta gidan tarihin tankoki na Bovington a Ingila a 1951, amma kafin nan masu bincike sun farke injinta don nazari. Wajen 1990 aka soma kwance ta gaba ɗaya, ba ta sake tafiya ba sai 2003, da inji ƙirar kamfanin Maybach na Jamus da aka ciro daga wata tankar. Tabon harsashin yana nan, kuma an kyauta da aka bar shi.

A 2000 an jawo wata tanka samfurin T-34, ƙirar Tarayyar Soviet, daga laka a Estoniya bayan fiye da shekara 50, ba ta ci tsatsa sosai ba saboda iska ba ta kai gare ta.

Yadda ake aikin

Ana fara tabbatar da babu harsashi mai rai a ciki. Daga nan a ɗaga kan da ƙugiya, a kwance sarƙar ƙafa. Ƙusar da ta cije sai an jiƙa ta da mai kwana da kwanaki, ko a gasa ta da wutar walda. Bakaniken Farin Gada a Jos zai gane aikin, sai dai nauyin kan iya kaiwa tan 50 da ɗoriya, kuma kayan gyaran ba a kasuwar kayan gyaran mota ta Dilimi suke ba: akasari sabo ake ƙerawa daga tsohon zane.

A Najeriya

Jos ce mazaunin Runduna ta 3, wadda aka daɗe ana saninta da motocin sulke, a barikin Maxwell Khobe da ke Rukuba. Gyara yana hannun sashen injiniyoyin lantarki da kanikanci na soja. Ragowar motocin yaƙin basasa na 1967 zuwa 1970 suna gidan tarihin yaƙi na Umuahia.

Saɓani

Wasu masana na ganin tayar da tsohon inji yana cinye shi, gara a ajiye.