Jariri Mai Mura da Kumburin Ciki: Amsoshin Tambayoyin Masu Jego Kan Shayarwa

Da zarar hunturu ya kama, ko damina ta zauna, tambayoyin nan ne dai ake ta maimaitawa a wurin awo da ɗakin jego. Maganar jaririn da bai wuce wata biyu ba ake yi a nan. A karanta har ƙarshe kafin a aiki wani kemis.

Jaririna yana mura. In ci gaba da ba shi nono?

Ƙwarai, ki ma ƙara. Nono ne abincinsa, shi ne ruwan shansa, a cikinsa kuma yake samun garkuwar da zai yaƙi murar.

Ni ce mai murar. Ba zan sa masa ta nono ba?

A'a. Mura ba ta bi ta nono, ta tari da atishawa da hannu take yaɗuwa. Ki wanke hannu da sabulu kafin ki ɗauke shi, ki sa takunkumi lokacin shayarwa, 'yan barka kuma su daina sumbatar fuskarsa. Farasitamol ba ya hana ki shayarwa. Maganin mura mai buɗe hanci na manya ne abin gudu, domin wani yana rage nono. Maganin tari mai kodin kuwa kada ki kusance shi: yana ratsawa cikin nono, kuma gwamnatin Najeriya ta hana shi tun 2018.

Kakarsa ta ce a ba shi ruwan ɗumi da zuma, ko dauri, ya wanke masa ƙirji.

Ki ba Hajiya haƙuri cikin ladabi, amma kada a ba shi. Daga haihuwa zuwa wata 6 nono zalla ne, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawara, kuma fiye da kashi 80 cikin 100 na nono ruwa ne. Ruwan da za a ɗura masa zai cika ɗan cikinsa ya rage shan nono, ga haɗarin gudawa. Zuma ba a ba yaron da bai shekara ba, saboda tana iya ɗauke da ƙwayar cutar da ke shanye jikin jariri har numfashi ya gagara. Dauri da jiƙe-jiƙe, ba wanda ya auna ƙarfinsu, hanta da ƙodar jariri kuma ba su yi ƙwarin da za su tace su ba.

In shafa masa Robb ko man zafi a hanci da ƙirji?

A kul. Duk man da ke da kafur ko mantol ba na yaron da bai kai shekara 2 ba ne. Yana ƙona fatar hanci, ya ƙara majina. Sirace da tafasasshen ruwa ma a bari, ƙuna ake jawowa.

Wace alama ce in na gani ba zan jira gari ya waye ba?

Wannan ce ya kamata a fara tambaya, amma ita ake bari ƙarshe. Ki buɗe masa riga lokacin da yake kwance ba ya kuka, ki ƙirga numfashinsa na cikakken minti ɗaya da agogon waya. In ya kai 60 ko ya wuce, ki sake ƙirgawa. In haka ne dai, sai asibiti. Haka nan in ƙasan haƙarƙarinsa yana lotsawa sosai duk sa'ad da ya ja numfashi, ko yana gurnani, ko leɓensa ya canza launi. Zafin jiki da ya kai digiri 37.5 a hammata, ko jiki ya yi sanyi ƙasa da 35.5. Ƙin shan nono. Barcin da sai an girgiza shi yake motsi. Jijjiga. Ta ɓangaren ciki kuma: amai kore, amai mai feshi bayan kowane sha, jini a kashi, ko ciki ya yi tauri ba kashi ba tusa.

Ko guda ɗaya kika gani ya isa. Kada ki ba shi farasitamol ki ce bari mu gani zuwa safe. Zazzaɓi a jikin ɗan ƙasa da wata biyu ba na gida ba ne, kuma limoniya a jikin jariri irin wannan tana iya fara kama da mura.

Yana kama nono ya saki, ya tsala ihu, ya banƙare, ga ciki a kumbure. Mura ce, iska ce, ko nonon ne bai ishe shi ba?

Wannan ba a amsa ta da kalma ɗaya, domin galibi abubuwan a sarƙe suke. Sabon jariri ta hanci ya fi numfashi, ƙofar hancin kuma 'yar mitsitsiya ce. Lokacin shan nono bakinsa a cike yake, in hanci ya toshe dole ya saki ya ja numfashi ta baki. Duk saki da sake kamawa sai ya haɗiyi iska, kukan ma haka. Sai cikin ya cika da iska alhali bai ƙoshi ba, ya sake kuka. A nan ne uwa ke cewa nonona ba ya isarsa, a sayo madarar gwangwani da fida, iskar ta ninka.

Ki fara da hanci. Kamar minti biyar kafin shayarwa, ki kwantar da shi rigingine ki ɗiga masa ɗigo ɗaya ko biyu na ruwan gishirin hanci a kowace ƙofa. Wanda ake sayarwa a kemis, mai rubutun 0.9% a jikin kwalba. Ki duba da kyau ya zama ruwan gishiri zalla, ba maganin buɗe hanci na manya ba, kuma kada ki haɗa naki a gida da gishirin miya. Ki jira minti ɗaya ko biyu majinar ta yi laushi. Sau da yawa atishawa za ta fito da ita, sai ki share da ƙyalle mai laushi mai tsabta. In kina da robar zuƙe majina, ki matse ta tukuna kafin ki sa, bakinta kawai zai shiga, ki saki a hankali, sannan ki wanke ta da ruwan sabulu. Kada ya wuce sau uku ko huɗu a yini, yawan zuƙa na kumbura cikin hanci ya ƙara toshe shi. Ban da auduga mai tsinke, ban da tsinken ashana.

Sai zaman shayarwa. Kansa ya kasance sama da cikinsa. Ki jingina baya ki ɗora shi a ƙirjinki ciki da ciki, ko ki zaunar da shi a cinyarki yana fuskantarki kina tallafe da wuyansa. Ki dubi bakinsa: ya buɗe sosai, leɓen ƙasa ya juyo waje, haɓarsa ta taɓa nono, baƙin da ke kewaye da kan nono ya fi bayyana ta saman bakinsa. Kumatu su cika. In kina jin ƙarar tsut-tsut, ko kumatun na lotsawa, ko yana miki zafi, to kan nono kawai ya kama kuma iska yake sha. Ki sa ƙaramin yatsanki mai tsabta a gefen bakinsa ki cire shi, a sake. Ki daina riƙe nonon tsakanin yatsu biyu kamar almakashi, hakan yana janye shi daga bakinsa.

Kada ki jira sai ya yi kuka. Tsotsar hannu, juya kai, motsa baki, duk yunwa ce. Lafiyayyen jariri yana sha sau 8 zuwa 12 cikin awa 24. Mai mura yana saurin gajiya, don haka kaɗan-kaɗan zai sha akai-akai, kuma ba laifi.

Amma fa ba kowane mai saki ne hanci ke damu ba. Wani hancinsa garau, sai dai a farkon sha yake sarƙewa yana tari, nono na feshi a fuskarsa. Wannan nonon ne ke zubowa da ƙarfi. Ki tatse kaɗan kafin ki ba shi, ki ƙara jingina baya, ki bar shi ya gama da ɗaya kafin ki juya shi ɗaya ɓangaren. Yawan sauyawa da wuri kan sa kashi kore mai kumfa da yawan tusa. Wani kuma ki leƙa bakinsa: in akwai fari-fari a harshe da cikin kumatu wanda ba ya gogewa, a kai shi a duba, yana da magani. Akwai kuma mai kukan yamma, wanda ke farawa wajen sati biyu, ya yi tsanani wajen sati shida, ya lafa a wata uku zuwa huɗu, yaron yana ta ƙiba abinsa. Wannan yana bukatar haƙuri da runguma da mai karɓar ki, kuma ba nononki ne ya ɓaci ba. Mai yiwuwa ne ma biyu ko uku daga cikin waɗannan su haɗu a jariri ɗaya, shi ya sa ya fi kyau ungozoma ko nas ta zauna ta kalli shayarwa ɗaya daga farko zuwa ƙarshe.

Batun isar nono kuwa, ba taushin ƙirjinki ke nunawa ba, fitsari ne da sikeli. Daga kwana biyar da haihuwa, ya jiƙa kunzugu ko famfas aƙalla sau 6 cikin awa 24, fitsarin ba ja ba. In ya kasa kamawa gaba ɗaya, ki tatsa a kofi mai tsabta ki ba shi da ƙaramin kofi ko cokali yana zaune, ki bar shi ya lasa da kansa, kada a ɗura. Tatsattsen nono kada ya wuce awa 4 a ɗaki. In kuwa shansa ya ragu zuwa rabin abin da ya saba, ko ya ƙi sha sau biyu a jere, an wuce maganar gida.

Yaya ake sa shi gyatsa?

Ki ɗora shi a kafaɗa ki shafa bayansa daga ƙasa zuwa sama, ko ki zaunar da shi a cinya tafin hannunki na tallafe da haɓarsa, ba maƙogwaro ba. A tsakiyar sha sau ɗaya, bayan ya gama sau ɗaya. In minti biyar ya wuce bai yi ba, ki ƙyale shi. Ki riƙe shi a miƙe kamar minti 15 saboda tumbuɗi. Iskar da ta riga ta sauka kuma, ki lanƙwasa ƙafafunsa zuwa ciki a hankali ki miƙe, ki shafa masa ciki yadda hannun agogo ke juyawa, amma ba da cikakken ciki ba.

Gripe water fa, ko sirof na mura, ko antibayotik?

Ko ɗaya. Na farko ba a tabbatar yana magance komai ba. Sirof na mura ba na jarirai ba ne. Antibayotik ba ya kashe ƙwayar mura, majina ta zama kore ma ba hujja ba ce. Wanda ya manta ya tuna 2008, lokacin da gurɓataccen maganin haƙori na My Pikin ya kashe yara fiye da 80 a Najeriya. Duk abin da zai shiga bakin jariri ban da nono, likita ne zai rubuta.

An ce waken da na ci da ruwan sanyin da na sha ne suka jawo.

Ki kwantar da hankalinki, ba ke ba ce. Iskar cikinki ba ta shiga nono, ruwan sanyi kuma ba ya sa wa jariri mura. Ki ci ki ƙoshi, ki sha ruwa. Goro da kofi da shayi mai ƙarfi ne za ki rage, suna hana shi barci. Abin da ya fi cutar da hancinsa yana cikin ɗakin: hayaƙin itace da gawayi, turaren wuta, maganin sauro mai hayaƙi, taba. A fitar da su, a sa gidan sauro.

In kifa shi ko in sa masa matashi don hancin ya buɗe?

A'a. Rigingine, a shimfiɗa mai tauri, ba matashi. Kada kuma a nannaɗe shi da bargo uku a rufe taga. Riga ɗaya a kan irin abin da ke jikinki ta isa, da hula in ana sanyi.

Wai beli ne ke sa shi tari da ƙin nono, a kira wanzami?

Don Allah a bari. Beli halitta ce, ba cuta ba. Cire shi na jawo zubar jini, da tetanus, da ciwon da zai hana jaririn shan nonon gaba ɗaya. Tsaga a ciki saboda kumburi ma haka.

Kwana nawa murar za ta yi, kuma a ɗaga rigakafinsa?

Sati ɗaya zuwa kwana goma, tarin kan ɗan fi daɗewa. Ta fi tsanani tsakanin kwana na uku da na biyar, a kwanakin nan ki riƙa ƙirga numfashi safe da dare. Rigakafi ba a ɗagawa don 'yar mura: na sati 6 da 10 da 14 suna ɗauke da allurar kariya daga limoniya da tarin shiƙa. Ki kai shi ranar da aka rubuta a kati, ki gaya wa nas yana mura, ta duba shi kafin allura.