Kare gaɓar tekun Legas daga zaizaya

Kare gaɓar tekun Legas ya ƙunshi ayyukan da ake yi domin hana Tekun Atlantika cinye ƙasar Victoria Island da Lekki da ƙauyukan masunta da ke gabas da su. Sauyin yanayi ya ƙara tsananta lamarin, domin tsakanin 1901 da 2018 ruwan tekunan duniya ya ɗaga da kimanin santimita 20. Amma asalin matsalar Legas ta girmi wannan magana.

A Mashigin Gini igiyar ruwa tana bugun gaɓa ne a karkace, saboda haka take tura yashi daga yamma zuwa gabas. Tsakanin 1908 da 1912 Turawan mulkin mallaka suka gina dogayen katangun dutse a bakin tashar jiragen ruwa don kada yashi ya toshe hanyar shiga. Hanya ta buɗe, sai dai yashin ya riƙa taruwa a gefen yamma, Bar Beach da ke gabas ta daina samun rabonta. Teku ta yi ta cin gaɓar har ruwa ya riƙa malalowa kan titin Ahmadu Bello. An sha zuba sabon yashi, bayan 'yan shekaru igiya ta kwashe.

Babban aikin da ya biyo baya shi ne katangar da ke kare sabon birnin Eko Atlantic, wadda aka tsara tsawonta ya kai kilomita 8.5. Irin wannan katanga hawa-hawa ake gina ta. Ana shimfiɗa wani ƙyalle mai kauri mai kama da buhu wanda ruwa ke ratsawa amma yashi ba ya bi, a ɗora ƙananan duwatsu, sannan manya, a rufe fuskar da curin kankare mai ƙahonni, kowane ɗaya tan biyar. Ƙahonnin suna sarƙe juna, ramukan da ke tsakaninsu kuma suna karya ƙarfin igiya. Inda aka fi samun ɓarna shi ne gindi: idan ba a jibge masa isassun duwatsu ba, ruwan da ke komawa yakan rarake yashin ƙasa, katangar ta zauna, curin ya zame.

Katanga tana tsare abin da ke bayanta ne kawai, ba ta samar da yashi. Mazauna Okun Alfa da ke gabas sun daɗe suna kukan cewa zaizaya ta koma kansu, kuma masana na taƙaddama kan yawan laifin da ya kamata a ɗora wa aikin. Gwamnatin jihar ta jera gajerun katangun dutse da suka miƙe cikin teku a gaɓar Lekki don su tare yashi. Su ma idan ba a cika tsakaninsu da yashi tun farko ba, yashin da zai isa gaɓar da ke gaba suke riƙewa. Haƙar yashin gini kusa da gaɓa tana ƙara giɓin.

Can gabas, a Ayetoro ta jihar Ondo, gaɓar laka ce, kuma dutse mai nauyi nutsewa yake yi a cikinta. A irin wannan wuri da Neja Delta an fi dogara da dazukan mangurof, itatuwan da ke tsiro cikin ruwan gishiri, waɗanda saiwoyinsu ke riƙe laka kuma kifi ke hayayyafa a ciki. Dashensu yakan lalace idan aka sa tsiron a ƙasan da ruwa ke rufewa yawancin yini, ko aka dasa kafin a gyara hanyar shiga da fitar ruwan teku.