Magungunan tsinka jini: tasirinsu ga hawan jini da jijiyoyi

Magungunan tsinka jini su ne waɗanda ake ba mara lafiya don kada jininsa ya daskare ya yi guda a cikin jijiya ko a cikin zuciya. Sunan dai na baka ne, domin ba sa mayar da jini ruwa-ruwa; jinkirta daskarewarsa kawai suke yi. Masu shan su shekara da shekaru sun haɗa da masu bugun zuciya marar tsari, da waɗanda gudan jini ya taɓa toshe musu jijiyar ƙafa ko huhu, da waɗanda aka sa wa bawul na ƙarfe a zuciya, wato ƙofar da ke hana jini komawa baya.

Asalin warfarin

Ɗaya daga cikin waɗanda suka fi daɗewa a cikinsu shi ne warfarin. A shekarun 1920 shanu a arewacin Amurka da Kanada suka riƙa mutuwa da zubar jini bayan sun ci harawar da ta ruɓe. Karl Paul Link da abokan aikinsa a Jami'ar Wisconsin suka gano sinadarin da ke haddasa haka, daga nan aka sarrafa warfarin. A 1948 aka fara sayar da shi a matsayin maganin ɓera, sai a 1954 aka amince a ba mutane. Aikinsa shi ne hana jiki sake amfani da bitamin K, wanda hanta ke buƙata wajen haɗa sinadaran daskarar da jini.

Abin da yake yi wa jijiya

Ba hanta kaɗai ke buƙatar bitamin K ba. A bangon jijiyoyin da ke ɗauke jini daga zuciya akwai wani furotin da ake kira MGP, aikinsa ya hana sinadarin kalsiyam taruwa a wurin, kuma ba ya aiki sai da bitamin K. A 1997 masu bincike suka samar da ɓerayen da ba su da wannan furotin: jijiyoyinsu suka ƙandare, suka fashe, ɓerayen suka mutu cikin wata biyu. Shekara guda bayan haka wani mai bincike, Paul Price, ya nuna cewa warfarin ma yana jawo irin wannan taruwar kalsiyam a jijiyoyin ɓera.

A jikin mutum abin yana tafiya a hankali, kuma an fi ganinsa a tsofaffi, da masu ciwon suga, da masu ciwon ƙoda. Lafiyayyar jijiya tana buɗewa idan zuciya ta turo jini, sannan ta koma, kamar sabon tiyo na roba. Wadda ta ƙandare kuwa kamar tiyon da rana ta busar ne, ba ta miƙewa. Shi ya sa lambar sama ta awon jini ke hawa, ta ƙasa ta tsaya ko ta sauka, sai a ga awo irin 165 bisa 70. Warfarin ba ya ɗaga jini nan take bayan an sha. Idan zai yi tasiri, ta wannan doguwar hanya yake bi. Mafi munin nau'in matsalar yana samun masu wankin ƙoda, inda ƙananan jijiyoyin fata ke toshewa su zama gyambo mai tsananin zafi.

Haɗarin da ya fi kusa

Abin da ya fi tayar wa likitoci hankali shi ne hawan jinin da ba a kula da shi ba a jikin mai shan maganin. Hawan jini na raunana ƙananan jijiyoyin ƙwaƙwalwa, idan ɗaya ta fashe kuma jinin ba ya saurin tsayawa, sai ɓarnar ta yi yawa, ta kai ga shanyewar ɓarin jiki ko mutuwa. A ma'aunin HAS-BLED, wanda ake lissafa haɗarin zubar jini da shi, lambar sama da ta wuce 160 maki guda ce cur. Magungunan ciwon jiki irin su ibuprofen da diclofenac, waɗanda ake saye a kemis ba tare da takardar likita ba, suna ɗaga jini kuma suna ƙara zubarsa. Faɗuwar jini kwatsam tare da jiri da baƙin bayan gida alama ce ta zubar jini a ciki.

Sababbin magunguna

Dabigatran, rivaroxaban da apixaban, waɗanda aka amince da su a Amurka don bugun zuciya marar tsari tsakanin 2010 da 2012, ba sa taɓa bitamin K, kuma ba su kai warfarin jawo zubar jini a ƙwaƙwalwa ba. Sai dai ba su kore warfarin ba. Mai bawul na ƙarfe dole ya zauna a kansa. Binciken INVICTUS na 2022 ya nuna warfarin ya fi rivaroxaban kare rayukan masu bugun zuciya marar tsari da ya samo asali daga lalacewar bawul tun ciwon maƙogwaro na ƙuruciya, cutar da ta yawaita a Afirka.

Mai shan warfarin ana auna masa jini a kai a kai da gwajin INR, wanda ke nuna saurin daskarewar jini, galibi ana son ya tsaya tsakanin 2 da 3. Ganyaye irin su alayyafo da zogale suna da bitamin K, amma ba a hana cin su. Abin da ke rikita awon shi ne mutum ya ci kwaɗon zogale kullum wannan mako, mako mai zuwa kuma ko ganye ɗaya bai taɓa ba.