Makin direba da ladabin tsere a iRacing: tambayoyin da sabon shiga kan yi

Wane maki ake bai wa direba, kuma wa ke bayarwa?

Kwamfuta ce ke bayarwa, ba mutum ba. iRacing dandalin tseren motoci ne na intanet da wani kamfanin Amurka ya buɗe wa jama'a a 2008, inda mutum ke zama a ɗakinsa da sitiyari da totur da birki, ya yi tsere da mutane na gaske, kowa da sunansa na ainihi. Maki biyu ke bin kowane direba. Na farko shi ne iRating, wato ma'aunin iya gudu, ana fara shi daga 1350. Na biyu Safety Rating, ma'aunin kiyayewa, daga 0.00 zuwa 4.99. Ba ruwan ɗaya da ɗaya: kana iya cin tsere makin kiyayewarka ya faɗi, kana iya zuwa na ƙarshe ya hau.

Ta yaya makin gudu ke hawa da sauka?

An ari dabarar ne daga tsarin Elo na wasan ches. Ana duba makinka da na duk waɗanda kuka shiga tsere tare. In ka riga wanda ya fi ka maki kammalawa, rabonka ya yi kauri. In wanda ke ƙasa da kai sosai ya sha gabanka, an yi maka yanka mai zafi. Galibi rabin da ke gaba su ke samun ƙari, rabin baya su yi asara. Amfaninsa kuwa rabon aji ne: in mutane da yawa suka yi rajistar tsere guda, ana kasa su rukuni-rukuni bisa wannan maki, don kowa ya kara da sa'o'insa.

To makin kiyayewa fa?

Nan ake yawan rigima. Kwamfuta tana ƙirga kwanonin da ka sha, ta kuma ƙirga laifukan da aka rubuta maka, sai ta raba. Ka sauka daga titi, 1x, wato makin laifi ɗaya. Mota ta ƙwace maka ta yi katantanwa, 2x. Ka daki bango, 2x. Ka gwara da wata mota da ƙarfi a kan kwalta, 4x. Gogar jiki maras ƙarfi 0x ce, sai dai in ta jawo wani abu. A yawancin gajerun tseren titi, in ka tara 17x an kore ka daga tseren.

Wannan makin ne ke riƙe da lasisi. Kowa da jan lasisi na 'yan koyo yake farawa, sannan D, C, B, A, kuma kowane mataki yana buɗe maka manyan motoci da dogayen tsere. In ka yi adadin tseren da ake buƙata, 3.00 ta ishe ka ƙarin girma a ƙarshen zango, wanda yake mako 12, 4.00 kuwa ba jira, nan take. Ka faɗi ƙasa da 1.00, a mayar da kai baya a ranar.

Wani ne ya buge ni ta baya. Me ya sa aka rubuta mini 4x kamar shi?

Saboda tsarin ba ya neman mai laifi. Duk motar da ke cikin karon ta samu rabonta. Ranar farko abin yana da ciwo, kuma duk wanda ya ce bai taɓa jin haushinsa ba, bai yi tsere ba. Amma a ganina masu tsarin sun yi daidai. In da kwamfuta za ta riƙa yanke hukuncin wa ya jawo, da 'yan wayo sun gano lagonta sun riƙa taka birki a gaban mutane don a ɗora wa na baya. Kuma makin ba na tsere ɗaya ba ne, yana duba dogon tarihin kwanoninka. Karo ɗaya ƙaddara ce. Amma in kullum kai ake bugewa, da walakin goro a miya: ko kana taka birki inda ba a zata ba, ko ba ka kallon madubi, ko kana manne wa direban da kowa ya ga yana tangaɗi.

Dubi kwanar farko ta Monza a Italiya. Motoci ashirin da wani abu sun taso a guje kan doguwar miƙaƙƙiyar hanya, taya bai yi zafi ba, ga kwana matsattsiya dama sannan hagu. Na gabanka dole ya taka birki tun kafin inda ya saba, don na gabansa ma ya taka. Sabon shiga yana kallon allon gefen titi mai nuna nisan kwana da ya haddace lokacin atisaye shi kaɗai, sai ya shige bayan mutum. Gogagge kuwa ya ɗaga ƙafa tun da wuri, ya bar mota biyu sun wuce shi, daƙiƙa biyar bayan nan ya tarar da su a gicciye cikin ciyawa.

Waɗanne ladubba ne maki ba ya gani?

Mai son wucewa shi ke da alhakin wucewa lafiya. In hancin motarka bai kai gefen abokin karawarka ba kafin a fara karya kwana, kwanar tasa ce. Ka afka ta ciki daga nesa da fatan zai kauce, wannan ba jarumta ba ce. In kuwa kun jera, kowa ya bar wa ɗan'uwansa faɗin mota guda. Kare matsayi halal ne matuƙar ka zaɓi layinka tun da wuri, amma dokar iRacing ta hana tarewa, wato ka ga na baya ya fito sannan ka karkato ka rufe shi.

In mota ta juya da kai a tsakiyar titi, ka danne birki ka tsaya cik. Masu zuwa suna iya kauce wa motar da ke tsaye, ba sa iya karanta wadda ke gangarowa da baya. In ka fita titi, kada ka dawo sai ka ga sarari, kuma ka shigo a kaikaice, ba a gicciye ba. Wannan kuskuren ya fi kowanne ɓata wa mutane rai, domin yana kashe tseren wanda bai san hawa ba bai san sauka ba.

Shuɗiyar tuta ma ana yawan yi mata mummunar fahimta. A Formula 1 umarni ce ka ba da hanya. A iRacing sanarwa ce kawai cewa wanda ya zagayo ka yana tafe. Ka riƙe layinka, ka sassauta a miƙaƙƙiyar hanya in da hali, kada ka yi masa tsalle a tsakiyar kwana da sunan taimako.

In wani ya buge ni da gangan, in rama?

A'a. Akwai hanyar shigar da ƙara: ka yanko hoton abin da ya faru daga maimaicin tseren, ka tura, ma'aikatan kamfanin su duba. Hukunci kan kama daga gargaɗi zuwa dakatarwa. Ba za a mayar maka da makin da ka rasa ba, kuma in ka rama, kai ma ka shiga sahun waɗanda za a kai ƙara. Kafin ma ka hau dokin zuciya, kalli maimaicin ta cikin motar wancan. Sau da yawa za ka tarar intanet ce ta yi gardama: a allonka ya taɓa ka, a nasa akwai tazara. Wannan ya shafi mai tsere daga Kano ko Maraɗi kai tsaye, domin layi mai tsinkewa yana sa motarka ta riƙa ɓacewa tana bayyana a idon wasu, kuma in aka ɗauke wuta kana tsakiyar tsere, makin gudunka ne zai biya.

Ba wasa ba ne kawai? Me ya kawo wannan tsanani?

Shekarar 2020 ta amsa wannan. Da korona ta tsayar da tseren gaske, manyan direbobi suka koma kwamfuta. Kyle Larson na NASCAR, gasar tseren motoci ta Amurka, ya furta kalmar wariyar launin fata a wani tseren iRacing a watan Afrilu, kamfanin Chip Ganassi ya sallame shi. Bubba Wallace ya fice daga wani tseren cikin fushi bayan karo, wani mai ɗaukar nauyinsa ya janye. A wata manhajar daban, Daniel Abt na Formula E ya sa wani ƙwararren ɗan wasa ya tuƙa a madadinsa, ya rasa kujerarsa a Audi. A ɗaya ɓangaren kuma, William Byron da ya fara koyon tsere a iRacing ya ci Daytona 500, babban tseren NASCAR na gaske, a 2024.

Sauran wasannin ma haka suke?

Kusan haka, da ɗan bambanci. Gran Turismo Sport na 2017 ya zo da makin gudu da makin ladabi cikin haruffa, a lokacin har sai ka kalli bidiyon ladabin tsere kafin a bar ka ka shiga gasa. Kafin a rufe gasarsa ta intanet a 2024, shi ya riƙa ƙoƙarin gano mai laifi ya ci shi tarar daƙiƙoƙi, kuma 'yan wasa sun daɗe suna ƙorafin yana kama wanda aka zalunta. Assetto Corsa Competizione ya bi wata hanya: makin kiyayewarka yana hawa ne in ka yi tafiya kusa-kusa da wata mota ba tare da kun taɓa juna ba, don haka laɓewa a baya kai kaɗai ba ta ƙara maka komai.