Waiwaye: Doguwar jiran masu binciken sinadaran rayuwa kafin lambar yabo

A shekarar 1926 wani malami a Jami'ar Cornell ta Amurka, James Sumner, ya leƙa madubin ƙara girman abu, ya ga wasu 'yan ƙwayoyi masu ƙyalli kamar garin gishiri. Shekara 9 ya yi yana farautarsu a cikin garin wani irin wake, kuma da hannu ɗaya, don tun yana ɗan shekara 17 aka yanke masa hannun hagu bayan harbin bindiga na tsautsayi. Ya fito ya ce abin da ya tace enzaim ne, wato sinadarin da ke gaggauta aiki a jikin mai rai, kuma furotin ne zalla. Manyan fannin suka ce atafau. Kan gaba a cikinsu Richard Willstätter na Jamus, wanda ya riga ya karɓi lambar Nobel tun 1915, to wa zai ja da shi? Sai da John Northrop ya yi irin wannan aikin da pepsin, enzaim mai narkar da abinci a ciki, a 1930 aka fara saukowa. Lambar Nobel ba ta iso Sumner ba sai 1946, ya raba ta da Northrop da Wendell Stanley.

Shi wannan fanni tun asali ba shi da ɗakin kansa. Wasiyyar Alfred Nobel ta 1895 ta ambaci kimiyyar sinadarai, ta ambaci likitanci, amma ilimin sinadaran jikin halitta bai kafu ba tukuna, don haka masu shi suke shiga ta ƙofofin nan biyu har yau. Emil Fischer ya shiga ta ƙofar sinadarai a 1902 da aikinsa kan sukari. Eduard Buchner ya biyo shi a 1907, bayan ya niƙe yis da yashi a 1897, ya matse ruwansa, ya nuna ruwan kaɗai yana ruɓar da sukari ba tare da ƙwaya mai rai ko ɗaya ba.

Ƙungiyoyin masana ma suka kafa nasu lambobin, sai dai da yawa don matasa aka yi su. Ƙungiyar masana sinadarai ta Amurka ta fara ba da lambar Eli Lilly a 1935 ga masu tasowa. Ta Repligen, wadda ba ta duban shekaru sai nauyin aiki, a 1986 aka fara ba da ita, Gregorio Weber, haifaffen Ajantina, ya fara ɗauka. A Turai akwai lambar Hans Krebs, mutumin da mujallar Nature ta mayar wa da takardarsa a 1937, takardar da aikin cikinta ya kai shi ga Nobel a 1953.

A ganina jinkirin nan yana da hujja. Gano abu a wannan fanni kan zo da gardama, sai wasu ɗakunan gwaji sun maimaita kafin a san tsaki da tsakuwa. Peter Mitchell ya kawo bayaninsa kan yadda ƙwayar halitta ke samar da kuzari a 1961, aka yi masa ca. Ya koma wani tsohon gida a Cornwall ta Ingila ya gyara shi ya zama ɗakin bincike, ya ci gaba da abinsa har aka ba shi Nobel shi kaɗai a 1978.

Amma wani jinkirin asara ne. Oswald Avery da abokan aikinsa sun nuna a 1944 cewa DNA ce ke ɗauke da gado, an sha gabatar da sunansa don lambar Nobel, ya rasu a 1955 hannu rabbana. Rosalind Franklin ta rasu a 1958, shekara 4 kafin a karrama aikin siffar DNA, lambar kuma ba ta wuce mutum 3.

A 'yan shekarun nan tafiyar ta ɗan yi sauri. Jennifer Doudna da Emmanuelle Charpentier sun wallafa aikinsu kan almakashin gado na CRISPR a 2012, suka karɓi lambar a 2020. A 2024 kuwa rabin lambar sinadarai ya tafi ga Demis Hassabis da John Jumper saboda AlphaFold, manhajar da ke hasashen siffar furotin, shekara 4 kacal bayan ta nuna bajintarta.